Kasafin Kuɗi Na Ƙaruwa, Masu Jefa Ƙuri'a Na Raguwa

Suleja: A shekarar 2016 kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya ya tsaya a kan Naira tiriliyan 6.06. A 2025 ya kai tiriliyan 54.99, wato ya ninka sau tara. A ɗaya ɓangaren kuwa, masu fitowa zaɓen shugaban ƙasa sun ragu daga kashi 69 cikin ɗari na masu rajista a 2003 zuwa kimanin kashi 27 a 2023.

Dalilan hakan suna da yawa, amma ana iya gano wani sashe nasu a cikin kasafin kansa. Na farko shi ne faɗuwar darajar Naira. An tsara kasafin 2016 a kan Naira 197 kowace Dala, na 2025 kuwa a kan Naira 1,500. Idan aka auna su da Dala, na farko ya kai kimanin biliyan 31, na biyun kuma biliyan 37. Ke nan yawancin ƙarin a takarda yake.

Na biyu shi ne bashi. Fiye da Naira tiriliyan 14 na kasafin 2025 an ware su ne domin biyan basussuka, tun kafin a zo kan maganar asibiti ko makaranta.

Na uku shi ne alkawarin da ake ta maimaitawa. An kafa asusun PTF a zamanin Janar Abacha da shirin SURE-P a 2012 bisa hujja ɗaya: a ƙara kuɗin man fetur, a yi wa jama'a aiki da rarar. Irin wannan hujja aka sake kawowa da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023.

Mazaunin Chaza da ke zuwa aiki Abuja kullum ba da alƙaluma yake auna gwamnati ba. Ya ga litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 a 2024. Ya kuma ga aikin tagwaita hanyar Suleja zuwa Minna, wanda aka bayar a 2010, ya shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Muddin ba a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka kashe a kan kowane aiki da ranar kammala shi ba, girman kasafi kaɗai ba zai sa masu zaɓe su koma rumfunan ƙuri'a ba.