Filin Manoma: Tashi Daga Ƙauye Zuwa Gumel, Riba Ce Ko Hasara?

Da zarar kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi an kai kasuwa, kuɗi ya ɗan shigo hannu, akan ji wata magana ta taso a zaurukan ƙauyukan ƙasar Gagarawa, daga Medu zuwa Madaka da Zarada. Maganar kuwa ita ce ta ƙaura. Ba ƙaura zuwa Kano ba, don kowa ya san Kano sai mai ƙarfi. Abin da magidanta ke shawara shi ne a koma Gumel da zama, gari matsakaici, wanda ya wuce ƙauye amma bai kai babban birni ba.

Wannan magana ba ta wasa ba ce, domin sau da yawa kuɗin da za a sayi fili ko a kama haya a gari daga gona zai fito, watau ko dai a jinginar da ita, ko a sayar. Gona kuwa in ta bar hannu, da wuya ta dawo. Saboda haka ya kamata manomi ya auna abin da ma'aunin da ya sani, watau taki, da ruwan sama, da rumbu, kafin ya ɗaure kaya.

Wane Irin Gari Ne Gumel?

Gumel ita ce hedkwatar masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tana kimanin mil 75 arewa maso gabas da Kano. Tsohon garin ciniki ne, don Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta can a 1851, ya tarad da kasuwarta cike. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, Dutse aka ba hedkwata, saboda haka manyan ofisoshi da yawan masu albashi can suka taru. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Gumel sun ɗara 100,000 kaɗan, na Gagarawa kuwa kimanin 80,000.

Ya kyautu a riƙe wannan. Gumel tana da asibiti da makarantu da kasuwa, amma ba ta da yawan masana'antu da ke ɗaukar leburori kamar Kano. Arzikinta mafi yawa daga ƙauyukan da ke kewaye da ita ya ke fitowa. In damina ta yi kyau, tela da mahauci da mai kanti duk su ji daɗi. In ta ɓaci, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, gari da ƙauye tare su ke kuka. Watau wanda ya gudo wa fari ya shiga Gumel bai yi masa nisa ba.

Amfanin Zaman Gari

Na farko shi ne lafiya. A Gumel akwai babban asibiti. Duk wanda ya taɓa neman mota da tsakar dare cikin damina, mace na naƙuda ko yaro na suma da zazzaɓi, hanya kuma ta cika da ruwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa magidanci ya yi tunani, ba kuwa wanda zai ga laifinsa.

Na biyu shi ne karatun yara. A gari makarantun sakandare na kusa, yarinya na iya zuwa ta dawo ta kwana gaban uwarta. Ga kuma Kwalejin Ilmi ta jiha a cikin Gumel, inda ɗan manomi zai yi karatun malanta yana cin tuwon gidansu.

Na uku shi ne kasuwa. Mazaunin gari yana jin farashi kullum. Ran Alhamis ga kasuwar Maigatari a bakin iyakar Nijar, inda dabbobi da riɗi da zoɓo ke haɗuwa, ran Lahadi ga ta Gujungu. Wanda ke kusa da dillalai da masu awo ba a cika yi masa sayen wulaƙanci a bakin gona ba. Haka nan takin zamani da irin shuka da maganin feshi sun fi saurin samuwa a gari, malaman gona kuma sun fi kusa.

Na huɗu shi ne aikin rani. Damina a wannan yanki gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa hannu na zaune. A gari mai sana'a na iya samun abin yi ba tare da ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal ya bar iyali ba. Magini, da kafinta, da mai gyaran babur, da mai kiwon ragunan layya, duk suna da masu saye a kusa.

Hasarar Da Ba A Gani Sai An Tashi

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hasara ta farko, wadda ta fi kowace girma ga manomi, ita ce ta taki. Ƙasar Gagarawa jigawa ce, rairayi, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe abinci. Abin da ke raya ta shi ne kashin dabbobin da a ke ɗaurewa a gida, da toka, da sharar tsakar gida, waɗanda a ke kwasa a mangala ko amalanke a kai gona da rani. Shi ya sa gonar da ke bayan gida kullum ta fi ta daji kyau. In maigida ya koma gari, awaki da tumaki sukan ragu, don gidan haya ba ya ɗaukar turke da yawa, harawa kuma sai an saya. Wanda ya rage ma, takinsa yana gari, gona tana ƙauye. Takin zamani yana taimako, amma shi kaɗai ba ya gyara jikin rairayi. In aka yi 'yan shekaru haka, sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya mamaye gero da dawa, don shi ciyawar gonar da ta gaji ne.

Ta biyu ita ce ta lokaci. Ruwan shuka ba ya sallama. Yakan sauko da dare a gabashin gari, yamma ko ɗigo. Wanda ke kwana kusa da gonarsa zai tona ƙasa da hannu da asuba, in ya ga lema ta kai, ya fita da sungumi da iyalinsa. Mazaunin Gumel sai an buga masa waya, kafin ya nemi abin hawa ya tara masu taya shi, rana ta busar da rairayi. Gero yana bukatar wajen wata 3 kafin ya nuna, saboda haka mako guda da aka rasa a farko yana iya zama shi ne bambancin zangarniya mai ido da marar ido. Haka abin ya ke ga noman firi da maimai. Riɗi kuwa ya fi kowa rashin haƙuri, in ya nuna ba a yanke ba, sai ya fashe ya zube a ƙasa. Zoɓo kuma hannu da yawa ya ke so wajen cira da ɓara.

Ta uku ita ce ta hannuwa. A ƙauye akwai gandu, akwai gayya, akwai maƙwabcin da zai kore dabba in ta shiga gona. Wanda ya tashi yakan fita daga wannan zumunci sannu a hankali, har ya zama kowane aiki sai ya biya 'yan ƙwadago, su kuwa sun san mai gona ba ya nan.

Ta huɗu ita ce tsadar zama. A ƙauye kara da itace da kuka da kuɓewa da ƙwai duk na gida ne. A gari kuwa akwai haya, da kuɗin wuta, da na 'yan garuwa, da gawayi, da kuɗin tara na yara kowace safiya, ga baƙi daga ƙauye da suka zo asibiti, waɗanda ba a iya kora. Gidan gari ba shi da wurin rumbu, sai a sussuke hatsi a zuba a buhu, hatsin buhu kuwa ya fi na rumbu saurin tafiya kasuwa. Ranar da magidanci ya fara auna tiya da kuɗinsa cikin Agusta, ranar zai san abin da ya bari.

Darasin 2023

Shekarar 2023 ta koya wa mutane abubuwa uku. A farkonta an yi ƙarancin takardun Naira saboda canjin kuɗi, mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, mai rumbu kuwa bai kwana da yunwa ba. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na babur ya ninka, wanda ke noma daga nesa ya ji a jikinsa. Sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, da yawa daga masu dogara da ita, dillalai da 'yan dako da direbobi, suka zauna. Duk ukun sun nuna abu guda, cinikin gari na iya tsayawa saboda hukuncin da aka yanke a Abuja ko Yamai, amma damin geron da ke rumbu ba ruwansa.

Akwai kuma maganar darajar ƙasa. A zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin jiha ta ware wa wani kamfani fili mai faɗin hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtanta don noman rake, aka yi ta jayayya da manoma a kan gonaki da diyya. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan, ya nuna cewa rairayin da wasu ke rainawa akwai masu so da kuɗi mai yawa. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Wanda ya sayar yau, ɗansa ba zai iya saye da wannan kuɗi ba.

Wa Ya Kamata Ya Tashi?

A ɗauki misalin wa da ƙane masu gona ɗaya ta gado. Ƙanen tela ne, yana da keke, yaransa sun isa sakandare. Ya ce, "Yaya, ina so in koma Gumel, a raba gonar nan in sayar da rabona." Wan ya ce, "Tafiya dai ka tafi, Allah ya ba da sa'a, amma gona ba za a sayar ba. Ka bar mini dabbobinka, ni in riƙa kai taki. Ran da ruwa ya sauka ka zo da yara, da kaka kuma a raba." Wannan shawara ta wan ita ce hanya. Ƙanen ya sami asibiti da makaranta da ciniki, wan ya sami masauki a gari da mai gaya masa farashi, gona kuma ba ta rasa mai ita ba.

Saboda haka kafin manomi ya tashi, ya tambayi kansa abu huɗu. Shin yana da sana'ar da za ta ciyad da gidan gari ba tare da an taɓa rumbu ba? Akwai amintacce da zai kwana kusa da gonar? Ta ina taki zai riƙa isa gare ta? Sa'an nan kuɗin ƙaura zai fito ba tare da an sayar da ƙasa ba? In ɗaya daga cikin huɗun nan babu amsa, ya dakata tukuna.

Wanda kuma ya riga ya tashi, akwai dabarun rage hasara. Ya bar rumbunsa a ƙauye, ya riƙa ɗebo na mako biyu ko na wata. Ya shirya da Fulani makiyaya su kwantar da shanu a gonarsa bayan girbi. Kada ya bari a sare gawo, don itace ne mai kakkaɓe ganye da damina, gero yana kyau a ƙarƙashinsa. Ya tara tokar gida da sharar gari, a tsince leda da kwalba, a kai gona tun da rani, kamar yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi. In zai ba da aron gona ko haya, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, a faɗi iyaka da adadin shekaru, don aro marar takarda shi ke zama shari'a bayan mutuwar iyaye. Da damina kuwa ya ɗauki ƙauye gida, gari wurin ziyara.

Zaman Gumel yana da alheri mai yawa ga mai sana'a, da mai marar lafiya, da mai yara 'yan makaranta. Kusancinta da ƙauyukan Gagarawa shi ne babban abin da ta fi Kano da shi, domin mutum na iya zama ɗan gari bai daina zama manomi ba. Wanda ya riƙe wannan ya ci riba biyu. Wanda kuwa ya sayar da gona ya sayi ɗaki, ya musanya abin da ke haihuwa kowace shekara da abin da ke neman yaɓe kowace shekara. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.