Raba Kalma Gaɓa-Gaɓa Shi Ne Mabuɗin Turanci

A Damari, ta Ƙaramar Hukumar Sabuwa a Jihar Katsina, kamar dai a makarantun Faskari da Ƙanƙara, babu abin da ke faɗar wa ɗalibi da gaba irin doguwar kalmar Turanci. Lamarin kuwa ba na wasa ba ne, domin wanda bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi.

Tushen wahalar yana ga harshen uwa. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su cunkushe a farkonta ba. Shi ya sa primary ta zama firamare, professor ta koma furfesa. Bahaushe ya cusa wasali ne don harshensa ya sami wurin taka ƙafa.

Su kuwa waɗannan kalmomi, asalinsu daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Da yawansu sun shiga Turanci ta hanyar Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066. Ginin irinsu ɗaya ne: ɗafa-goshi, da saiwa, da ɗafa-ƙeya.

A duba inspector, wadda Hausa ta mayar sufeto. Gaɓoɓinta uku ne: in-spec-tor. Ta farko tana nufin ciki, ta biyu dubawa, ta uku mai aikatawa. Ashe sufeto mai duba cikin al'amari ne. Haka saiwar port, wato ɗauka. Ɗan manomin da ya san ta zai gane export, fitar da kaya waje. Import, shigo da su. Transport, ƙetarar da su daga wuri zuwa wuri. Saiwa guda ta buɗe masa kalmomi uku.

Amma akwai tarko. Ba kullum rabon furuci ke dacewa da rabon ma'ana ba. Record idan suna ce a kan raba ta rec-ord, idan aikatau ce kuwa re-cord. Ma'aikacin da ke buga wasiƙar ofis, in kalma ta tsaya masa a ƙarshen layi, ƙamus ne alƙalinsa.

Ya kamata malamai su daina sa yara haddar kalmomi dunƙule-dunƙule, su koya musu warware su. Da sannu-sannu ake cin tuwo mai zafi, daga gefe ake soma shi.