Ɗakin karatu ba rumbun ajiya ba ne

A shekarar 1963 aka fara yaƙi da jahilci na manya a ƙasar Nijar. Tun daga lokacin, mutane da yawa sun koyi karatu da rubutu da lissafi cikin harshensu. Amma akwai matsala guda. Wanda ya koyi karatu ya daɗe bai taɓa takarda ba, mantawa yake yi. Karatu kamar hauya ne: in an jingine ta, sai tsatsa ta cinye ta.

Maganin wannan shi ne ɗakin karatu, wato wurin da ake ajiye littattafai da jaridu don kowa ya zo ya karanta ko ya ara. Sai dai littattafai ba su kiran mutane da kansu. Dole a shirya abin da zai jawo jama'a.

Abin da aka yi a Yamai

A birnin Yamai akwai gidan raya al'adu mai sunan Umaru Ganda, mai shirya silima, wanda ya rasu a 1981. A gidan akwai ɗakin karatu, akwai kuma babban dandalin wasa. Dubarar ke nan: wanda ya zo kallon wasan kwaikwayo ko sauraren waƙa zai san inda littattafai suke.

A Yamai ɗin kuma, a 1968, an kafa wata cibiya ta tattara tarihin baka, wadda yau ake kira CELHTO. Aikinta shi ne ɗaukar maganar tsofaffi da maroƙa, a rubuta, a adana. Wannan ya nuna cewa ɗakin karatu ba na abin da ya zo daga nesa kaɗai ba ne. Abin da ke bakin dattawan gari ma yana da wuri a cikinsa.

Yadda ƙauye zai tsara nasa

Ƙauye ba ya bukatar babban gini. Akwatin ƙarfe guda, wanda gara da ruwa ba su shiga, da inuwar itace, sun isa a fara.

1. A fara da tambaya. Maigari ya tara maza da mata da samari, kowa ya faɗi abin da yake so ya sani.

2. A zaɓi mutum uku ko huɗu su riƙe aikin, da mace a cikinsu. Ɗaya ya riƙe makulli da littafin rubuta sunan masu aro.

3. A duba lokaci. Da damina kowa yana gona. A yi manyan taruka da rani, bayan an shigar da hatsi rumbu. A kauce wa ranar kasuwa. Mata su faɗi sa'ar da ta dace da su.

4. A ba kowane mako aikinsa. Makon farko, karatun jarida da ƙarfi, har wanda bai iya ba ya ji. Na biyu, daren gatana da tarihin gari: tsoho yana faɗi, masu karatu suna rubutawa, a sa takardar cikin akwati. Na uku, rubutun wasiƙa da lissafin awo, don kada a cuci manomi a bakin sikeli. Na huɗu, wasan kwaikwayo kan tsabtar rijiya ko rigakafin yara, a gayyato ma'aikacin lafiya ya amsa tambayoyi.

5. A ƙarshen wata a zauna a duba. Mutum nawa suka zo? Littafi nawa aka ara, nawa suka dawo? Abin da bai karɓu ba, a canza shi.

Garin da ya bi wannan tsari, karatun mutanensa ba zai ɓace ba, tarihinsa kuma ba zai bi tsofaffi kabari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.