Maiƙon Abinci da Dakarun Jini

Jawabin kimiyya na yau ya shafi abu biyu waɗanda mai jinsu da fari zai ce ba abin da ya gama su, watau man da a ke zubawa a tukunya, da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki daga cuta. Masana sun gano akwai igiyar da ta ɗaure su, igiyar nan kuwa wani sinadari ne da a ke kira kalsiyam.

Kalsiyam shi ne ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. A jikin babban mutum akwai wajen kilo 1 nasa, kashi 99 cikin 100 kuwa a ƙashi da haƙora ya ke. Ɗan ragowar da ke yawo cikin jini da ruwan jiki, aikinsa kai saƙo ne. An fara gane haka a Landan cikin 1883, a hannun wani likita, Sydney Ringer, wanda ke gwaji da zuciyar kwaɗo. Ya kan cire ta ya sa a ruwan gishiri, ta yi ta bugawa. Ashe mataimakinsa da ruwan famfo ya ke haɗa ruwan gishirin. Da aka koma ga tataccen ruwa, sai zuciyar ta raunana ta tsaya. Da Ringer ya bi sawu, sai ya tarar ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne ke riƙe da bugun.

To, jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar birni ce mai ganuwa, ganuwar kuwa wani tantani ne siriri wanda aka yi da maiƙo. Sa'ad da ƙwaya ke hutawa, kalsiyam da ke wajenta ya ninka na cikinta sau wajen 10,000. Don haka ko yaya aka ɗan buɗe ƙofa sai ya kwararo ciki, kwararowar nan kuwa ita ce gangar yaƙi.

Ga yadda abin ke gudana a wata farar ƙwayar jini da a ke kira ƙwayar T, wadda ta ke cikin manyan dakarun jiki. In ta ci karo da alamar cutar da ta sani, sai 'yan saƙo su taru a tantaninta, su datse wani maiƙo da ke wurin. Guntun da ya fita, sunansa IP3, sai ya nufi wani rumbu a cikin ƙwayar inda a ke ajiyar kalsiyam, ya buɗe shi. Michael Berridge na Kambirij da abokan aikinsa su ne suka nuna haka cikin 1983. Da rumbun ya yi ƙasa, sai wani mai gadi, STIM1, ya je ya buɗe ƙofar ganuwa, wadda aka sa wa suna Orai1, kalsiyam na waje ya yi ta shigowa. In shigowar ta daɗe, saƙo ya kai cibiyar ƙwayar, sai ta shiga hayayyafa, ta kuma aika a kira sauran dakaru.

Muhimmancin ƙofar nan ya bayyana ne ta hanyar abin tausayi. Masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun gano ta cikin 2006 wajen binciken jinin waɗansu yara 'yan gida ɗaya da aka haifa da ƙofar a lalace. Ƙwayoyin T suna nan cikin jininsu, amma ba su jin ganga, saboda haka kowace cuta sai ta kada yaran. Haka kuma in gangar ta cika ƙara akwai ɓarna, gama dakaru kan juya su far wa jikin da su ke tsaro, kamar yadda a kan gani a wani irin ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu da gwiwa. Lafiya tana tsakanin biyun ne.

Sai batun maiƙo. Kowane mai ko kitse an haɗa shi ne da waɗansu zaruruwa da masana ke kira asid na maiƙo. Waɗansu miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su matsu, shi ya sa man shanu da kitsen rago kan daskare. Irinsu na da yawa kuma cikin man ja. Waɗansu kuwa lanƙwasassu ne, ba su matsuwa. A cikin lanƙwasassun akwai dangi biyu da jiki ba ya iya ƙirƙira da kansa, sai ya samo tushensu daga abinci. George Burr da matarsa Mildred su ne suka buɗe wannan babi a Minnesota cikin 1929, da suka hana ɓeraye maiƙo gaba ɗaya, ɓerayen suka tsumbure, fatarsu ta lalace. Dangi na farko shi ne omega-6, wanda ke cikin man gyaɗa da na masara da na waken soya. Na biyu omega-3, manyansa su ne EPA da DHA, waɗanda suka fi yawa a kifin teku mai maiƙo, kamar sadin da shawa da wanda a ke kira taitus.

Jiki ba ya ƙona dukkan maiƙon da aka ci. Wani ya kan ɗauka ya yi ginin tantani da shi. Mutumin da ya dinga cin man kifi, cikin 'yan makonni za a tarar EPA da DHA sun ƙaru a tantanin fararen ƙwayoyin jininsa. Daga nan maiƙon ke taɓa gangar kalsiyam ta hanya uku.

Ta farko ita ce sauya wurin taro. A cikin tantani akwai waɗansu 'yan tsibirai na matsattsen maiƙo, inda 'yan saƙon ƙwayar T ke haɗuwa. DHA mai lanƙwasa har wuri 6 ne, in ya shiga sai ya sassauta jerin. Cikin 1998 Thomas Stulnig da abokan aikinsa a Viyana ta ƙasar Ostiriya suka reni ƙwayoyin T cikin ruwa mai lanƙwasasshen maiƙo, suka ga waɗansu 'yan saƙo sun fice daga tsibiran, tashin kalsiyam kuma ya ragu sa'ad da aka zuga ƙwayoyin.

Ta biyu, asid na maiƙo da kansa ya kan zama saƙo. A jikin waɗansu fararen ƙwayoyi akwai kunnuwa na musamman masu jinsa. Abin mamaki a nan shi ne wani maiƙon ba a tukunya a ke samunsa ba. Ƙwayoyin da ke zaune a babban hanji su kan ruɓar da dusar hatsi da wake da ganye, su fid da gajerun asid na maiƙo. Cikin 2003 aka gano kunnen da ke jin waɗannan a jikin nutrofil, watau fararen ƙwayoyin da suka fi kowa yawa a jini, waɗanda gawawwakinsu ke zama mugunya. Da gajeren asid ya taɓa kunnen, sai kalsiyam ya tashi a cikin nutrofil.

Ta uku ita ce mafi sanuwa. In kalsiyam ya tashi, ya kan ta da wani mai datsa, wanda ke ɓalle asid na maiƙo daga tantani, ƙwayar ta sarrafa shi ya zama sinadarin kumburi. Binciken irin waɗannan sinadarai ne ya sa aka ba Bergström da Samuelsson da Vane kyautar Nobel cikin 1982, kuma hanyar yin waɗansunsu ce asfirin ke toshewa. In abin da aka ɓalle ɗan dangin omega-6 ne, akwai sinadari mai ƙarfi da ke fita, wanda ke kiran nutrofil ya ta da kalsiyam a cikinsu su ma. In kuwa EPA ne, takwaransa da ke fita bai kai shi ƙarfi ba ko kusa. Watau abin da aka gina ganuwa da shi, da shi a ke ƙera makami.

To, ina amfanin wannan ga mai sauraro? Gwaje-gwajen da likitoci suka yi tun daga wajen 1985 sun nuna man kifi kan rage zafi da sanƙarewar safe ga masu ciwon gaɓoɓin nan mai kumburi, amma ragi ne matsakaici, ba warkewa ba. Maiƙo sassauta ganga ya ke yi ko ya ɗan tsananta ta, ba ya kashe ta kamar saikulosforin, maganin da a ke ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, wanda ke datse saƙon kalsiyam kafin ya kai cibiyar ƙwayar T. Ya kamata kuma a tuna yawancin gwajin tantani a kwalba da jikin ɓeraye aka yi shi, da maiƙo mai yawan da ba kasafai a kan samu a akushi ba. Har wa yau an ga yawan shan ƙwayoyin man kifi kan ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, don haka kada mai ciwo ya bar maganinsa, ko ya ƙara wani, sai da shawarar likita.

Kada kuma a ɗauka omega-6 abokin gaba ne. Jiki na bukatarsa, kumburi ma kansa makami ne, in babu shi rauni ba ya warkewa. Abin nema shi ne kada dangi ɗaya ya cinye wuri. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawara a ci kifi sau 2 a mako, ɗaya ya kasance mai maiƙo. Wanda ya haɗa wannan da wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi sarai ba, ya ba dakarun jininsa kayan gini nagari.

Nan jawabin yau ya tsaya.