Teburin mai shayi, matattarar unguwa

A Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Yamai, da wuya a ratsa unguwa ba a tarar da teburin mai shayi ba. Kayan aikinsa kaɗan ne: tebur ɗaya, benci biyu, buta bisa gawayi, burodi, ƙwai, madara da gwangwanin Nescafé. Amma nan ne lebura da malamin lakkal suke zama kafaɗa da kafaɗa bayan sallar asuba. Nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda yake kwance a likita, da inda ake neman magini.

Matasa kuma suna da tasu majalisa, wato fada. Bayan 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta raya samariya, wadda ta haɗa matasa wajen aikin gayya. Da samariya ta ja baya, sai fadodi suka bazu cikin birane, musamman bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya kuma bakin jama'a ya buɗe. A fada ana dafa ɗanyen shayin ƙasar Sin sau uku: na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku da zaƙi. Dahuwar tana ɗaukar lokaci, shi ya sa hira take yin nisa. Wasu fadodin suna tara kuɗi domin suna ko aure, wasu suna sharar titi da gadin dare.

Wanda yake son kafa wurin shayi a unguwa zai ƙaru da wannan. Ya fara gaida mai unguwa da maƙwabta, ya nemi yardarsu. Ya zaɓi inuwa kusa da masallaci ko tasha. Ya wanke kofuna da sabulu, ya rufe burodi saboda ƙuda da ƙura. Ya san sunan kowa, kuma abin da ya ji a tebur kada ya kai shi wani gida.

Babbar matsala ita ce bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai shayi ba ya iya hana maƙwabcinsa karin kumallo, amma jarinsa ƙarami ne. In mutum goma suka sha ba su biya ba, gobe babu kuɗin sukari. Mai dabara yakan buɗe littafi, ya sa wa kowa iyaka, ya tsayar da ranar biya. Ga wanda ya koyi karatu da lissafi a yaƙi da jahilci, wannan aiki ne mai sauƙi.

Sauran nauyin yana wuyan masu zama. Ranar da mai shayi ya karye ya ɗauke bencinsa, unguwa ce ta rasa wurin haɗuwa.