Shirin Musamman: Nisa, Sauri da Lokaci a Ilmin Hisabi

Wannan shiri zai yi bayani a kan wata ƙa'ida ta ilmin hisabi da ke ɗaure abubuwa uku wuri guda, wato nisan tafiya, da saurin matafiyi, da lokacin da ya ɗauka.

Tun kafin zuwan mota da agogo, malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, da suka zo ƙayyade tafiyar da ake yi wa sallar ƙasaru, sun ce baridi huɗu ce, wato mil 48, sa'an nan suka kimanta ta da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu ɗauke da kaya. Wanda duk ya raba 48 gida biyu zai ga sun ba raƙumi mil 24 a yini, kuma wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira sauri a yau.

To, ƙa'idar ita ce, idan aka ninka sauri da lokaci sai a sami nisa. Idan aka raba nisa da sauri sai lokaci ya fito. Idan kuwa aka raba nisa da lokaci, sauri ne zai bayyana. Motar da ke cin kilomita 60 a sa'a, in ta yi sa'a 2 tana tafiya, ta ci kilomita 120 ke nan.

Amma akwai wurin da masu gaggawa kan yi tuntuɓe. A ƙaddara direban motar nan ya juyo gida da lodi mai nauyi, yana cin kilomita 40 kacal a sa'a. Da yawa za su ce matsakaicin saurinsa, zuwa da dawowa, 50 ne, alhali kuwa dawowar ta ci masa sa'a 3, jimla sa'a 5 a kan kilomita 240, wanda idan aka raba sai a sami 48. Dalili kuwa shi ne, ya fi daɗewa a cikin tafiyar sannu, saboda haka ita ce ta rinjayi lissafin.

Don haka, ɗalibai, ku tara nisa duka, ku tara lokaci duka, kafin ku yi rabo.