Burçin Mutlu-Pakdil: Malamar Da Aka Laƙaba Wa Gungun Taurari Sunanta

A farkon shekarar 2017, wasu masana sararin samaniya a Amurka suka sanar da gano wani gungun taurari mai siffar da ba a taɓa ganin irinta ba. Sunansa a rajista PGC 1000714, kuma nisansa da mu ya kai tafiyar da haske zai yi cikin shekara kusan miliyan 359. Amma sunan da ya bi shi shi ne "Gungun Burçin", domin wadda ta jagoranci binciken ɗaliba ce Baturkiya, Burçin Mutlu-Pakdil, wadda a lokacin take karatun digiri na uku a Jami'ar Minnesota.

Gungun taurari, wanda masana ke kira galaksi, tarin taurari ne masu ɗimbin yawa, haɗe da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda. Ranarmu ma tana cikin ɗaya daga cikinsu. Yawancin manyansu ko dai sun nannaɗe kamar gammo, ko kuma sun dunƙule kamar ƙwai. Akwai kuma wani nau'i da Arthur Hoag ya fara bayyanawa a 1950: dunƙulen tsofaffin taurari a tsakiya, sai zobe na sababbin taurari kewaye da shi, ba tare da wani abu da ido ke gani ya haɗa su ba. Irin wannan bai kai ɗaya cikin dubu na gungunan da aka sani ba.

Burçin ta tarar da abin da ya zarce haka. Da ita da abokan aikinta suka ɗauki hotunan gungun, suka cire hasken dunƙulen tsakiya ta hanyar lissafi, sai ga wani zobe na biyu ɓoye a ciki. Launi ne ya tona shekarunsu, domin sababbin taurari masu tsananin zafi shuɗi suke haskawa, tsofaffi kuwa ja. Zoben waje shuɗi ne, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 130. Dunƙulen tsakiya ya kai shekara biliyan 5.5, zoben ciki kuma ja ne. Ma'ana, gungun ya samu zobbansa a zamuna biyu mabambanta. Bayanan da masana suka saba bayarwa kan samuwar zobe, kamar karo tsakanin gungu biyu ko zuƙo iskar gas daga maƙwabci, an tsara su ne kan zobe ɗaya, don haka dole aka koma aka sake duba su.

Ko da yake sunan mutum ɗaya ne ya shahara, aikin na jama'a ne. Mutum huɗu suka sa hannu a takardar binciken: ita, da malaminta Marc Seigar, da Mithila Mangedarage, da Patrick Treuthardt na gidan tarihin kimiyya da ke jihar North Carolina. Hotunan kuwa an ɗauko su ne da na'urar hangen nesa ta du Pont, mai madubin da faɗinsa ya kai mita 2.5, a tsaunin Las Campanas na ƙasar Chile. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan ta kammala, ta yi aiki a Jami'ar Arizona da Jami'ar Chicago, sannan ta zama malama a Kwalejin Dartmouth. Ta karkata ga gungunan taurari mafiya ƙanƙanta da dushewar haske. Masana na ɗaukar waɗannan a matsayin ragowar tubalan da aka gina manyan gunguna da su, kuma mafi yawan nauyinsu na wani abu ne da ba ya ba da haske, wanda har yau ba a san haƙiƙaninsa ba. A 2022, ita da David Sand da Denija Crnojević da wasu suka yi amfani da na'urar Hubble suka tabbatar da uku daga irin waɗannan ƙananan gunguna a kewayen NGC 253, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 11. Kafin nan, akasarin waɗanda aka sani a maƙwabtanmu na kusa suke, kuma ba a yanke hukunci kan gari da gida ɗaya.

Hanyar da ta bi ba mai sauƙi ba ce. Ta yi digirinta na farko a fannin fiziya a Jami'ar Bilkent da ke Ankara, a zamanin da aka haramta wa ɗalibai mata ɗaura kallabi a jami'o'in Turkiyya. Daga nan ta tafi Jami'ar Texas Tech. A 2018, sanye da hijabinta, ta tsaya a dandalin TED ta yi wa duniya bayanin gungun da ke ɗauke da sunanta.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fage ya lura da abin da ya fito da zoben ɓoye: lissafi, da haƙurin tantance hoto, da abokan aiki da za su duba kuskurenka kafin ka bayyana sakamako.